Ranar da Inna Ta Kira Sunan Yaya

Shekaranjiya da yamma ina zaune a ƙofar ɗakina a nan Mpape ina tsinke zogale, sai na ji wani ƙara a bayan katanga, ƙurrr, irin na roba idan ana jan ta a kan siminti. Hannuna ya tsaya cak. Na miƙe na leƙa, ashe yaran maƙwabta ne suka samu fasasshiyar jarka, ɗaya ya zauna a ciki, ɗaya yana jan sa da igiya, suna ta ƙyalƙyala dariya abinsu. Ni kuwa sai na janye daga katangar. Na koma na zauna, zogalen na kallona ina kallonsa, har aka kira magariba.

Mai karatu, ba za ka gane abin da ya sa tsohuwar jarka ta kashe min jiki ba sai na kai ka garinmu.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a can bakin iyaka, inda ƙasar Abuja ta ƙare, ta Neja ta fara. A takarda mu 'yan babban birni ne, amma a lokacin da nake ba ka labari ko wutar lantarki ba mu da ita, wayar hannu kuwa sai dai mu ji labarinta a bakin direbobi. Abin da ya raba mu da ƙauyen ƙetare dutse ne guda ɗaya, baƙi, mai faɗin baya kamar saniya ta kwanta. Fuskarsa ɗaya tana kallonmu, ɗaya tana kallonsu. A can samansa gwamnati ta kafa wani guntun turken siminti mai lambobi a jiki, shi ne iyakar. Mutanen ƙetare galibinsu Gwarawa ne manoman doya, wasu na zuwa coci, wasu masallaci, wasu na bin abin da suka tarar iyayensu na yi. Manya suna haɗuwa a kasuwa da wurin biki. Mu yara a kan dutsen muke haɗuwa.

Ba mu da filin ƙwallo, ba mu da lilo, amma ban taɓa jin mun rasa wani abu ba. Da rani maza su bi rema da danƙo a tsakanin duwatsu, su yi langa a shimfiɗar sama, mu mata mu yi gaɗa da carafke, mu tsinci ɗinya har haƙoranmu su yi baƙi. Akwai wasan da muke yi a wurin turken, ka sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ka ce ka tsaya a jiha biyu. Wani yaron ƙetare ya ture ka ya ce, “Koma Abujarku, ba ka da takardar shiga!” Ni dai abin da na fi so shi ne in jingina da turken in zuba wa gabas ido. Idan sama ta washe ana hango farare-fararen gine-ginen birni can nesa kamar an zuba gishiri. A lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar ƙanwar babana, sai in yi ta gina wa kaina gida a cikin farin nan, da labule mai ruwan hoda, da wani mutum mai sanyin murya da ban taɓa iya ƙera masa fuska ba.

Amma sarkin wasanni shi ne sulu, kuma shi sai damina ta yi nisa. A fuskar dutsen da ke kallon garinmu akwai wata doguwar hanya mai santsi da ruwa ya lashe, ga kuma gindin yara na shekara da shekaru ya ƙara goge ta har tana sheƙi. Idan ƙasa ta ƙoshi, ruwa yakan riƙa tsiyayowa ta nan dare da rana, ya taru a wani tafki a gindin dutsen. Sai mu samu tsohuwar jarka, a tsaga ta biyu, ka zauna a ciki, ka riƙe baki, wani ya tunkuɗa ka. Ƙurrr! Iska ta cika maka baki, cikinka ya tsaya a sama kai ka yi ƙasa, kafin ka gama ihu ka ji ka tsundum a ruwan sanyi. Hawan dutsen yana cin lokaci da gwiwa, sai an bi ta gefe ana dafa duwatsu. Saukowa ta sulu kuwa bai fi numfashi kaɗan ba.

Dutsen yana da doka guda, kuma Kaka, mahaifiyar babanmu, ita ta fi kowa tsare ta. Ba a kiran sunan mutum a kansa. Sai dai ka yi fito, ko ka ce kai, ko ke. Idan kuwa kana sama ka ji an kira sunanka, to kada ka amsa, kada ka waiwaya. Ka nufi rumfa, ka shige, ka rufe ido, ka yi ta karanta abin da ka iya har muryar ta gaji. Rumfa wani ƙaton dutse ne da ya jingina a kan ɗan'uwansa, ya bar wuri a ƙasa kamar ɗaki, tana can bayan turken, ta ɓangaren ƙetare. Kaka ta ce tana amarya aka yi wata yarinya da ta ji muryar uwarta na kiranta, ta amsa, ta bi muryar har ta taka inda babu dutse. Alhali uwar tana gida tana daka.

“Masu wurin sun iya muryar kowa,” in ji Kaka. “Har tawa sun iya.”

Malaminmu na allo ya ce wannan camfi ne, Musulmi ba ya tsoron dutse. Amma ranar da ɗansa ya daɗe a sama, mun gan shi a gindin dutsen yana ta fito kamar mai kiran kare.

Sai in gaya maka wani abu game da Inna, mahaifiyarmu. Mu uku ne a lokacin: Yaya, ni, sai ƙaninmu ɗan ƙarami da bai daɗe da fara zuwa allo ba. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mace ce ta da, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take ce masa, ko “yaron nan”. Ko wani yaro a gari mai irin sunansa, sai ta ce “mai sunan wancan”. Idan za ta ba shi abinci ni take miƙa wa. Ko zazzaɓi yake yi, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi Kaka yaya mai jiki, ta juya. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Haka ta ga an yi, haka ta yi. Kaka ce ta raine shi, tana kiransa tsohon mijinta, ƙaninmu kuwa sabon ango. Ni uwar mafarki take ce min.

A farkon daminar shekarar nan wani kamfanin fasa dutse ya sauka a gindin dutsen ta ɓangaren ƙetare. Daga sama muna hango injinansu masu ruwan ɗorawa da tifofi suna kai da komo kamar tururuwa, muna jin gurnaninsu tun safe. Ba su dame mu ba, mu ma ba mu dame su ba. Har ƙaran ya zama kamar kukan tsuntsu, ba ma jin sa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar mako ce a babban gari, ƙarshen damina. Maza duk sun tafi da sabuwar doya, Baba na cikinsu. Yawancin yaran garinmu suna gona wajen cirar gyaɗa. Mu uku muka gama aikin gida, muka ɗauki jarkokinmu guda biyu bayan azahar muka hau.

Tun da muka isa sama na ji wani iri. Babu yaron ƙetare ko ɗaya, su da kullum suke riga mu. Yaya ya yi fito, ya sake yi, shiru. Injinan ma sun yi tsit. Na leƙa ƙasa ta ɓangarensu na ga an janye tifofin can nesa an jera su a bakin hanya, babu mutum ko ɗaya a inda suka saba aiki. Ko tsuntsu ban ji ba. Sama ta yi shuɗi tas, dutsen na da ɗumi a tafin ƙafa, amma tsikar jikina sai tashi take.

“Mu koma gida,” na ce.

“Matsoraciya. Yau babu layi, sulu namu ne mu kaɗai,” in ji Yaya.

Muka yi ta sulu, mu sauka mu sake hawa, har na manta da tsoron. Muna sama muna shanya jiki a rana, ƙaninmu na wasa da wani ƙadangare, sai muka ji an kira sunana.

Muryar Inna ce. Amma ba daga wuri ɗaya ta zo ba. Ta taso daga ƙasa, ta bugi duwatsu, ta dawo ta bayanmu, ta sake dawowa ta gefe, sunana ya kewaye ni kamar mutane da yawa ne ke kira. Bakina ya buɗe da kansa zan ce na'am, Yaya ya toshe min shi da tafin hannu. Aka kira sunan ƙaninmu. Yaron ya miƙe zumbur, Yaya ya fizgo shi ya zaunar. Muka yi tsuru-tsuru. A raina ina cewa wataƙila dai Inna ce, wataƙila mantawa ta yi da dokar, wataƙila wani abu ne ya faru a gida.

Sai muryar ta kira sunan Yaya.

Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, har ta ja ƙarshensa. Na dubi fuskar Yaya na ga jini ya bar ta. Ya sunkuyo ya raɗa min a kunne, “Ba Inna ba ce.”

Ni ma na sani. Duk wani kokwanto da ke zuciyata a nan ya mutu. Inna za ta iya manta dokar dutse, amma ba za ta taɓa manta wannan ba. Abin da ke kiranmu ya iya muryarta, bai dai san halinta ba.

Yaya ya saɓi ƙaninmu, na kwashi jarkokin ban san ma na kwasa ba, muka wuce turken da gudu, muka gangara muka shige rumfa.

Har yau idan na rufe ido ina jin warin wurin, warin kashin jemage da danshi. Muka cure a can ƙurya, inda rufin ya yi ƙasa har yana taɓa kai. Yaya ya ce mu rufe ido mu yi Ƙulhuwallahu. Na yi ta karantawa ina haɗa ta da Fatiha, ina sake farowa. Muryar ba ta daina ba. Ta kira ni, ta kira ƙaramin, ta kira Yaya, ta kira Yaya, ta kira Yaya. Can sai ta fara kuka. Kuka irin na Inna sak, har da shessheƙar da take yi ranar da aka aiko mata da rasuwar mahaifinta. Ƙaninmu ya fara fizge-fizge yana cewa shi wurin Inna zai je, na ji ɗumin fitsarinsa a cinyata. Muka danne shi mu biyu, Yaya ya rufe masa baki, hawayen yaron na bin yatsunsa. Duk yadda kukan ya ƙara kama da nata, haka muke ƙara matsawa cikin ƙuryar.

Sai kuma muryar ta ɗauke ɗif. Shirun da ya biyo baya ya fi kiran ban tsoro, don yanzu ba mu san inda abin yake ba.

Bari in tsaya nan in gaya maka abin da ke faruwa a ƙasa, kamar yadda na ji daga baya.

Kaka tana da wata ƙawa a ƙetare, tsohuwar Bagwariya mai kawo mana itace a kafaɗa. Ran nan ta shigo gidanmu, ta sauke kayanta, ta sha ruwa, ta duba tsakar gida ta ce da irin Hausarta, “Ƙawa, yaranka yana ina?” Kaka ta ce suna kan dutse mana, ina kuma za su. Tsohuwar ta saki kwanon ruwan. Ashe masu kamfani sun gama huda dutsen sun cusa nakiya, ranar za su tashe ta karon farko, da la'asar. Sun gaya wa mai garin ƙetare, an yi shela gida-gida a can, kowa ya tsare yaransa da awakinsa. Mu kuwa ba wanda ya zo mana. Takardar izininsu ta wancan ɓangaren ce, sunan ƙauyenmu ba ya ciki. Mutanen ƙetare kuma kowa ya ɗauka an aiko mana namu saƙon daga Abuja.

Inna na da tsohon ciki a lokacin, amma ta riga kowa fita, ba mayafi ba takalmi. Ta kai gindin dutsen, ta fara hawa, cikin ya hana ta, sai ta tsaya a kan wani tudu ta buɗe murya. Ita kuma tsohuwar ta kewaya da sauri wurin masu aikin. Wani mai jar tuta da ke tsare hanya ya tare ta, ta zauna a tsakiyar hanyar ta ce sai dai a fasa da ita. Ya kira ogansu. Ogan ya fito ya ɗaga kai ya duba dutsen sama da ƙasa da abin hangen nesa, bai ga kowa ba. Ina zai gan mu, muna cikin rumfa, a saman ramukan da suka cusa wa nakiya? Ya ce tsohuwa ta rikice ne, ko yaran sun riga sun sauka. Ya ɗan jinkirta don a janye ta daga hanya, ya ce a ci gaba.

Kaka ta iso gindin dutsen a bayan Inna tana dogara sanda. Tana jin abin da Inna ke kira ta gane ɓarnar da aka yi.

“Ke 'yar nan, rufe bakinki! Kin kore su!”

“Iya, ba su amsa ba, Iya...” in ji Inna, don haka take kiran Kaka.

“Ina za su amsa? Ni na hana su.”

Ta yar da sandar. Matar da ko rijiya ba ta zuwa saboda ciwon gwiwa, ta kama dutsen da hannu da ƙafa ta fara rarrafe.

Mu dai muna ciki ba mu san komai ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san ƙafata ta mutu. Sai muka ji wani abu na jan jiki a kan dutse, yana numfashi da ƙyar, yana matsowa. Na ƙanƙame Yaya har farcena ya shige masa fata. Abin ya tsaya a wajen turken ya yi tari. Sannan ya buɗe baki.

“Kai tsohon banza mai kai kamar tulu! Mijin da bai taɓa sayo min ko gishiri ba! Sai na hau dutse neman ka? Fito nan, ka fito min da angona, da waccan uwar mafarkin mai ƙafa kamar muciya!”

Ƙaninmu ya ce, “Kaka ce!” Yaya ya riƙe shi gam, yana girgiza kai, yana raɗa cewa ai ta faɗa mana har tata sun iya. Ni kuwa wani abu ya tsaya min a rai. Wannan muryar ba ta kira sunan kowa ba. Ba ta lallashe mu ba, ba ta yi kuka ba, zagi kawai take zubawa tana haki. Na buɗe ido ɗaya, na karya doka, na leƙa.

Tana durƙushe ta rungume turken. Ɗankwalinta ya faɗi a hanya, furfurarta a waje fari fat, abin da ban taɓa gani ba. Gwiwoyinta biyu sun sale, jini na bin ƙaurinta.

“Yaya, jini take yi,” na ce. “Kaka ce, wallahi jini take yi.”

Muka fito da rarrafe. Ba ta tsaya yi mana bayani ba. Nakiya kawai ta ce, ta nuna ƙasa da haɓa. Kafin mu gane, wata jiniya ta tashi daga gindin dutsen ta ɓangaren ƙetare, doguwa, mai shiga har cikin haƙori. Ban taɓa jin irinta ba, amma jikina ya san ma'anarta.

Yaya ya dubi hanyar da ake sauka da ƙafa, ya dubi gwiwoyin Kaka. Ko mu masu lafiya ba za mu kai ƙasa a kan lokaci ba.

“Ina jarkokin?” in ji Kaka.

Muka ja ta, rabi tafiya rabi ɗauka, har bakin sulu. Ta ce ni da Yaya mu shiga ɗaya. Yaya ya ce shi ba zai bar ta ba, sai dai ita ta riga mu sauka.

“Rufe min baki! Tun ba a haifi ubanka ba na san hanyar nan.”

Ta sa ƙafarta mai jini ta tunkuɗa mu.

Ban ji daɗin iska ba a wannan saukar, ban yi ihu ba. Na dai ji mun faɗa ruwa, na taso ina tari, na juya na ɗaga kai. Ga Kaka can ta taho, ta zauna a cikin rabin jarka, ta ƙanƙame ƙaninmu a ƙirji, zaninta na kaɗawa, farin kanta na sheƙi a rana. Tana tsakiyar hanya dutsen ya motsa.

Na fara jin sa a cikin ruwan kafin kunnena ya ji. Tafkin ya yi tsalle ya mare ni a ƙirji. Sannan ƙaran ya zo, ƙaran da ya wuce a kira shi ƙara, kamar sama ce ta tsage. Wani jan hayaƙi ya taso daga bayan dutsen ya rufe rana. Na ga jarkar Kaka ta kauce daga hanya, ta yi gefe, ta juya da su. Kaka ta murɗa jikinta ta ba dutse bayanta, yaron na sama. Suka bugi gefen tafkin, suka gangaro cikin ruwa. Sai tsakuwa ta fara zubowa, tas, tas, tsulum, wasu kamar gyaɗa, wasu kamar dunƙulen hannu. Yaya ya danna kaina cikin ruwa.

Da na sake tasowa kunnena ba ya jin komai sai wani siririn kuka. Na ga Inna a cikin tafkin har ƙugu, da cikinta, bakinta na motsi. Ta ciro ƙaninmu daga hannun Kaka, ta juya shi gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Ta shafa kaina. Sannan ta juya ta kama Yaya ta rungume shi, ta tura fuskarta a wuyansa. Yaya ya sandare, hannuwansa a sake, bai san inda zai sa su ba. Can ta farga, ta sake shi da sauri, ta kau da kai, ta dube ni. A lokacin kunnena ya fara buɗewa.

“Ki ce wa wancan ya kama Iya ta ɗaya gefen,” ta ce.

Ƙugun Kaka ne ya karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba sai an riƙe ta. Washegari Baba da wasu maza suka hau dutsen. Da ya dawo ya shiga ɗakinta ya rage murya, ni kuwa ina bayan ƙofa. Ya ce dutsen rumfa ya zauna. Inda muka ɓuya, yanzu ko hannu ba ya shiga.

Manyan gari sun je sun yi magana, aka ba su haƙuri, daga nan aka riƙa turo mai jar tuta ɓangarenmu ma. Amma wasa ya ƙare. Aka hana kowane yaro hawa, mu da na ƙetare duka, kuma ba mu da wani wurin haɗuwa sai can. Yaran da muka tashi muna ture juna a wurin turken, wasunsu ban sake ganinsu ba sai da gemu.

Na taɓa tambayar Kaka, ina matsa mata ƙafa, ko ta yi nadamar koya mana dokar nan.

“Ta tsare yara da yawa kafin ku,” ta ce. “Waɗanda suka kafa ta ba su san za a zo da nakiya ba.” Sai ta ɗaga murya yadda Yaya zai ji daga tsakar gida. “Shi kuma wancan tsohon da ya bar ni na hau dutse da rarrafe, ki ce masa ya kawo min takardata, na gama auren!”

Allah ya jiƙanta, ta rasu ina aji biyu a sakandare.

Bara na je garinmu. An cinye fiye da rabin dutsen, turken ya tafi, babu mai iya nuna maka inda Abuja ta ƙare. A inda aka haƙe wani koren ruwa ya taru, mutanen birni na zuwa da motoci ranar hutu suna ɗaukar hoto a bakinsa. Yaran garin na zaune a gindin mangwaro sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na tambaye su sulu, suka dubi juna.

Inna tana nan da ranta, tana zaune a gidan Yaya a Lugbe. Ya yi furfura, yana aiki a wata ma'aikata, yaransa sun kusa aure, amma har gobe “wancan” ne. Da sallar da ta wuce muna zaune ni da shi a barandarsa, Inna na ciki tana lazimi, sai ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, “Kin san sau ɗaya tak na taɓa jin sunana a bakinta? Shi ma na gudu na ɓuya.” Ya yi 'yar dariya, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ni ma yanzu ina da 'yar fari. Da sunanta nake kiranta, safe da yamma, a gida da kan titi, wani lokacin ma babu abin da zan ce mata, in kira ta kawai ta ce na'am in ce ba komai. Idan Inna na wurin sai ta harare ni, ta ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Ba na musa mata, kunyarta ado ce a wurinta, kuma na ga abin da ke ƙarƙashinta da idona a cikin tafki. Amma ni ina so yarinyar nan ta saba. Duk ranar da ta ji na ƙwala mata kira daga nesa, ina so ta san ni ce, ta taho.